Wanki a Cikin Jirgin Ruwa: Abin da Muka Gano a Tashar Jidda

Muna sanad da ku mun dawo daga Umra lafiya, mu huɗu da muka tashi daga nan Kumasi. Mun san da an ga kan wannan labari wani zai ce, "Ashe mutum sai ya je har Ƙasa Mai Tsarki ya dawo, ya rasa abin da zai faɗa wa jama'a sai zancen wanki?" To, a yi mana haƙuri. Labarin Makka da Madina kun sha ji daga bakin waɗanda suka fi mu sani. Wannan kuwa amana ce aka ɗora mana, muna so mu sauke ta a gaban kowa, domin akwai amfani a ciki ga duk mai ɗa a teku.

Ga yadda abin ya ke. Akwai wani dattijo a zangon nan, mai sayad da goro, ɗansa na aiki a wani jirgin ruwa mai jigilar raguna daga Sawakin ta ƙasar Sudan zuwa Jidda. A cikin jirgin nan ya ke kwana ya ke tashi, wata tara bai taka gida ba. Kwanan baya ya bugo wa uwarsa waya, ya ce wannan wata ba zai aiko da kuɗi cikakku ba, wai shi da abokan aikinsa suna karo-karo za su sayi injin wanki. Da uban ya ji, sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yaro da hannuwansa biyu, yana zaune bisa ruwan da ba shi da iyaka, shi ne zai ce sai da inji? Wannan lalaci ne." Daga ran nan ya daina ɗaukar wayarsa. Ana gobe za mu tashi, uwar ta zo ta durƙusa, ta ce don Allah in mun isa Jidda mu nemi yaron mu gano gaskiya. Muka ce mata to.

TASHAR DA KANTA

Bayan mun gama ibada muka sauko Jidda, tafiyar kamar mil 45 daga Makka. Muka taki sa'a jirginsu ya iso yana sauke kaya. Ba a shiga tashar sai da takarda, saboda haka muka zauna a wani shagon shayi daga waje muna jira. Ko daga nan ma ido ya sha kallo. Ga ƙugiyoyin ɗaukar kaya sun yi cirko-cirko a sama kamar raƙuman dawa, ga akwatunan ƙarfe an jibga su bisa juna, ga manyan motoci suna shiga suna fita ba hutawa. Wuraren tsayawar jirage a tashar nan sun fi 50. Iskar wurin kuwa akwai laima, ko ba ka ɗaga tsinke ba sai ka ji riga ta manne maka a baya. Ku riƙe zancen laimar nan, za mu komo kansa.

Tashar nan tsohuwa ce ƙwarai. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda tashar Makka. Kafin nan a Shu'aiba jirage su ke tsayawa, kudu da Jidda. Gaɓar wurin cike ta ke da duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, saboda haka har wajen 1950, lokacin da aka gina gadar tsayawar manyan jirage, nesa da gaɓa su ke tsayawa, sai ƙananan kwale-kwale masu filafilai, waɗanda Larabawa ke kira sambuk, su je su kwaso alhazai da kayansu.

Ta nan kakanninmu suka shiga. Mutum ya tashi daga Salaga ko Kumasi, ya bi ta Kano da Maiduguri, ya ƙetare Fort Lamy wadda yanzu a ke kira Njamena, ya bi Abeshe da Janaina da Fashir har El Obeid, inda hanyar jirgin ƙasa ta kai wajen 1912. Waɗansu su kan shekara biyar ko goma a hanya, suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira suna tara guzuri. In sun isa Sawakin, saura Bahar Maliya kaɗai, kimanin mil 200 zuwa Jidda. Jirgin fasinja na yanzu kusan dare ɗaya ya ke yi. Amma wanda ya shiga jirgi mai filafilai don gudun tsada, sai yadda iska ta yi da shi, ya kan yi kwana da kwanaki bisa ruwa.

LITA BIYAR

Muna nan zaune muna hira da Hausa, sai wani tsoho da ke gefe ya yi mana sallama da Hausa tsantsa. Ashe Takari ne, watau irin mutanenmu da suka zauna can. A Jidda aka haife shi, iyayensa ne suka zo da ƙafa. Ya ce a unguwar Karantina ya girma, wadda ta sami sunanta daga wurin tsare matafiya saboda annoba, ita ma tana cikin unguwannin da aka yi wa rusau a 2021 da 2022. Da muka faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya yi dariya. Ya ce, "'Ya'yana, uban yaron nan bai taɓa shiga jirgin ruwa ba, ko? Uwata ta sha gaya mini, abin da ya fi ba ta wuya a ƙetaren nan ba tangaɗin jirgi ba ne, a'a, zanen goyo ne. Ta wanke shi da ruwan teku, ya ƙi bushewa, ya goge wa wana fata har ta yi ja. A ƙarshe sai ta riƙa rage ruwan shanta tana ɗauraye zanen da shi."

Maganar tsohon nan ta dace da abin da ke rubuce. Tun bayan annobar kwalara da ta auka wa alhazai a Makka a 1865, ƙasashen duniya suka shiga kafa wa jiragen alhazai dokoki. Aka buɗe wurin tsare matafiya a tsibirin Kamaran wajen 1882, akwai kuma a Sawakin. A irin wuraren nan a kan karɓe tufafin mutane a zuba cikin tukunyar tururi don a kashe cuta da ƙwarƙwata. Yarjejeniyar da aka yi a Paris a 1926 ta ce lalle a ba ko wane alhaji ruwan sha aƙalla lita 5 a yini, watau galan guda da 'yan kai. Ku auna da kanku. Garwa ɗaya galan 4 ce, kamar lita 18. Ke nan rabon mutum huɗu ne zai cika garwa guda ya ɗan yi saura. Wa zai ɗebi wannan ya wanke babbar riga? Ga shi waɗansu tun cikin jirgi su ke ɗaura harami, farin ƙyalle biyu, wanda ko ƙura ta taɓa sai an gani.

In an sauka Jidda ma ba a tsira ba, gama gari ne marar kogi. Wajen 1907 Turkawa suka kafa injin dafa ruwan teku, mai aiki da kwal, mutanen garin suka sa masa suna Kindasa. Ruwansa saye a ke yi garwa garwa, kuma tsohon ya ce ubansa na cikin Takari masu dakon ruwa gida gida, kamar 'yan garuwa na wajenmu. Sai a 1947, zamanin Sarki Abdul'aziz, aka jawo ruwa daga Wadi Fatima da bututu, shi ne Ainul Aziziyya. Yau kuwa yawancin abin da Jidda ke sha ruwan teku ne da aka raba da gishiri, mai yawa daga cikinsa daga Shu'aiba ya ke zuwa, wurin nan da jirage suka bari tun zamanin Sahabbai.

ME YA SA RUWAN TEKU BA YA WANKI?

Can wajen la'asar sai ga yaron, da ƙyar ya sami takardar fita ta 'yan sa'o'i. Ya durƙusa ya gaishe mu. Babbanmu ya ce, "Tashi, ɗana. Babanka na fushi da kai, mu kuwa ba mu zo yanke hukunci ba sai mun ji daga bakinka." Bai yi gardama ba, sai ya janye wuyan rigarsa. Muka ga wuyan da hammata duk ƙuraje, fata ta saɓule. Ya ce, "Baba, wannan aikin gishiri ne." Gani ya kori ji.

Ga bayanin da ya yi mana, mun kuwa bincika mun tarar haka ne. A ko wace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35. Na Bahar Maliya ya kai 40, domin ba wani kogi mai gudu kullum da ke zuba cikinta, rana kuwa tana shan ruwan ta bar gishirin. Watau garwa ɗaya ta ruwan nan tana ɗauke da gishiri fiye da rabin kilo. Sabulu irin namu, ko na salo ko na sanda, da mai a ke yinsa. In ya gamu da ruwan teku ba ya narkewa sosai, ba ya kumfa, sai ya kama da sinadaran da ke ciki ya zama wani farin dusa-dusa mai manne wa tufa. Matuƙan dā sabulu na musamman su ke nema, wanda aka yi da man kwakwa, shi ne ke kumfa a ruwan gishiri. Garin wanki irin su Omo shi ma yana aiki, domin ba irin haɗin sabulun sanda gare shi ba.

Amma ko an sami kumfa, da sauran magana. Gishirin da ya saura a zare janyo laima ya ke yi daga iska, kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa da damina. A wuri irin Jidda, rigar da ba a ɗauraye da ruwan daɗi ba ba ta bushewa sosai. In ta yi kamar ta bushe sai ta ƙandare, da mutum ya yi gumi ta sāke jiƙewa ta riƙa gugar fata. Abin da ya sami wan tsohon nan yana goye, shi ne ya sami ɗanmu.

Muka ce, to, ba ruwan daɗi a jirginku? Ya ce akwai, amma da lissafi. Jirgi yana da injin da ke dafa ruwan teku da zafin babban inji, ya tara tururin ya zama ruwan daɗi. Sai jirgi na tafiya ya ke aiki. In an tsaya jiran layi a bakin tasha ba a tā da shi, domin babban inji a kashe ya ke, ruwan bakin tasha kuma ƙazami ne. Ga dubban raguna, ko wanne sai ya sha, su kuwa su ne dukiyar da aka ɗauko. Da tanki ya fara ƙasa, famfon wanki a ke fara rufewa. Inji ɗaya da ke jirgin kuwa ya lalace tun watanni, an yi ta kai kuka ba a gyara ba.

Ɗaya daga cikinmu almajiri ne, ya tambaye shi batun tsarki. Ya tuna mana cewa a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin wani matafiyin teku da ya kai kukan ƙarancin ruwa, aka halatta masa alwala da ruwan teku. Saboda haka wajen tsarki ruwan teku ya isa, yana kawad da najasa. Ya ƙara da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kashin rago da fitsarinsa ba najasa ba ne, muddin ba ƙazanta ya ke ci ba. Yaron ya yi ajiyar zuciya, ya ce wannan ya daɗe yana damunsa lokacin salla. Ke nan ɗauraye na ruwan daɗi domin lafiyar jiki ne.

WANE INJI?

Yaron ya ce su goma sha biyu ne a karo-karon, kuma kansu ya rabu. Muka bi shi kantunan da ke cikin gari muka duba iri uku.

Na farko mai ƙofa a gaba, wanda ke yin kome da kansa. Shi ne ya fi kyaun gani, shi samarin suka fi so. Ya kan sha ruwa kamar lita 50 a wanki ɗaya, kusan garwa uku, watau rabon alhazai goma na zamanin dā. Nauyinsa ya kai kilo 60 ko fi, gama akwai dunƙulen siminti a ciki don kada ya yi tsalle. Gangarsa a rataye ta ke, in jirgi na tangaɗi tana juyawa sai ta riƙa bugun jikin injin. Dole a ɗaure shi da ƙusoshi, a haɗa masa famfo mai ƙarfi, kuma in yana ɗumama ruwa wutar da ya ke ja ta kai wat 2,000. A babban jirgi mai wadatar ruwa shi ne daidai, amma ba a nasu ba.

Na biyu mai murfi a sama, shi ma mai yin kome da kansa. Wannan sai ya cika cikinsa da ruwa kafin ya fara, ya kan sha ninkin na farko. Ba mu daɗe a kansa ba.

Na uku mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, irin wanda matanmu suka sani. Jikinsa roba ne, mutum biyu sun ɗauke shi, wutarsa kaɗan ce, da bokiti a ke zuba masa ruwa. Amfaninsa babba shi ne ba ya zubad da ruwa sai ka ce ya zubar. Da ruwa ɗaya za ka wanke fararen kaya, ka bi da masu launi, ka ƙare da kayan aiki. Ruwan ɗauraye na yau kuwa ka tare shi a bokiti, gobe ya zama na wanki. Bahon matsewa yana fid da ruwan da hannu ba zai iya ba, sai kaya su bushe da wuri ko da laima. Aibinsa sai an tsaya a kansa, kuma a ɗaure shi da igiya a jikin bango.

Tsohon nan Takari, wanda ya biyo mu don jin ƙarshen zance, ya ce kada a manta da bokiti mai murfi. A zuba kaya da ruwa da garin wanki, a rufe, a ɗaure a bayan jirgi, tangaɗin teku ya yi ta cuɗa su har safe. Ba wuta, ba kuɗi. Ya ce matuƙan jiragen filafilai har ɗaure tufa su ke yi da igiya su jefa a ruwa jirgi na ja. Yaron ya ce wannan kam ba a yi a jirgin inji, farfela sai ta naɗe igiyar.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce su sayi mai baho biyu, su haɗa da dabarar kakanni. Kayan aiki masu kashin dabba a fara wanke su da ruwan teku a saman jirgi, a matse ƙwarai, domin iyakar matsewarka iyakar ragin gishirin da ruwan daɗi zai kora. Sa'an nan a tsoma su a bokitin ruwan daɗi kafin su shiga inji. Kada a kuskura a zuba wa inji ruwan teku, tsatsa za ta cinye shi kafin shekara. A tara ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ba shi da gishiri, ya isa wanki ko da ya ke ba na sha ba ne. Kada kuma a yi shanya a ɗakin inji don kwaɗayin zafi, hanyar gobara ce.

ABU BIYU DA YA KAMATA KU SANI

Na ɗaya, ga iyayen da 'ya'yansu ke fita aikin jirgi ta Tema ko Takoradi. Akwai yarjejeniyar ƙwadagon teku ta duniya ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013. A cikinta an ɗora wa mai jirgi tanadin wurin wanki domin ma'aikata. Ashe kuɗin da yaran nan ke tarawa ba nauyinsu ba ne tun farko. Mun ce su sayi injin saboda lafiyarsu, gama jiran gyara sai wankin hula ya kai su dare, amma su adana rasit, su rubuta wa mai jirgi ta hannun kyaftin su nemi a biya su. Duk yaron da zai sa hannu a takardar aiki, ku ce ya tambayi ruwa da wurin wanki kamar yadda ya ke tambayar albashi.

Na biyu, ga 'yan kasuwa masu sayo kayan lantarki a Jidda. Wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, haka ta yawancin jiragen ruwa. Tamu ta Ghana da Nijeriya sau 50 ce. Injin da aka ƙera don 60 kaɗai, in ka kawo shi nan, zai juya a hankali, ya yi zafi, ba zai yi ƙarko ba. Ku duba 'yar takardar da ke liƙe a bayansa, in kun ga 50/60 ku saya, in 60 ce kaɗai ku bar musu abinsu.

Da muka dawo muka tafi rumfar dattijon nan. Muka gaisa, ya ba mu goro, muka kwashe labari duka muka faɗa masa, har da wuyan yaron. Ya yi shiru. Can ya ce, "Ni da na ke sayen ruwa jarka jarka duk lokacin da famfo ya ɗauke, ban taɓa zaton mai kwana bisa teku ya fi ni ƙishirwa ba." Ya miƙa wa ƙaramin ɗansa waya ya ce, "Kira mini yayanka." Muka yi sallama muka ba su wuri. Washegari uwar ta aiko mana da tuwo.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu da ke bisa ruwa, Ya jiƙan magabatanmu da suka ƙetare Bahar Maliya da galan guda a yini, Ya ba wanda bai je ba ikon zuwa. Amin.